Ka bar shi ya wuce: yadda na koyi riƙe zuciya a bayan sitiyari

Shekara 16 ke nan ina tuƙi, kuma goma daga cikinsu na yi su ne ina faɗa da mutanen da ko sunansu ban sani ba. A gida ba a san ni da hayaniya ba. A wurin aiki har tsokanata ake yi wai muryata ba ta fita. Amma da zarar na zauna a bayan sitiyari na ja ƙofa, sai wani mutum daban ya bayyana, mai tsaki, mai ƙwafa, wanda hannunsa ba ya nisa da hon.

Ranar da na fara jin kunyar kaina wata safiyar Talata ce. Ina dab da shiga shataletale sai wata tsohuwar mota ruwan toka ta sha gabana, ba sigina ba komai. Na take birki har jakar da ke kujerar gefe ta zube ƙasa. Idona ya rufe. Na danne hon, na rufa mata baya. Ina ganin kwanar da zan shiga zuwa wurin aiki na wuce ta da gangan. Sai a danja ta biyu na cim mata. Na tsaya daidai da direban, na sauke gilashi, ashar tana kan harshena.

Dattijo ne, ya isa ya haife ni, sanye da tabarau mai kauri. Shi ma ya sauke gilashinsa, ya leƙo da fara'a ya ce, "Ɗana, lafiya? Tayar ce ta yi ƙasa?"

Wallahi bai ma san ya yi mini komai ba. A zatonsa alheri ne ya sa na biyo shi. Na ce, "A'a Baba, ba komai, Allah ya kiyaye hanya." Danja ta ba da hannu, ya ja motarsa ya tafi. Ni kuwa ƙafata ta hagu sai rawa take a kan kuloci har motar ta mutu a tsakiyar titi. Na bayana suka shiga danna mini hon, wani ma ya leƙo ya yi mini daƙuwa. Na isa wurin aiki a makare da minti 20, rigata jiƙe da gumi, a kan faɗan da ni kaɗai na san ana yi.

Abin da na fara fahimta daga wannan rana shi ne, ba shan gaban ba ne ya harzuƙa ni. Labarin da na ba kaina ne a cikin sakan ɗaya: ya raina ni, ya ga motata ƙarama, da gangan ya yi. Babu ɗaya daga ciki da yake gaskiya. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In ni na sha gaban mutum, to ban gan shi ba ne, ko sauri nake, ko rana ce ta haske mini ido. In shi ya sha gabana, to ɗan iska ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Lee Ross, ya yi rubutu a kan wannan ɗabi'a a 1977: muna ɗora kuskuren wani a kan halinsa, mu manta da halin da yake ciki. Sannan ga girman kai a kai. A 1981 wani mai bincike ɗan ƙasar Suwidin, Ola Svenson, ya tambayi masu tuƙi yadda suke ganin ƙwarewarsu, sai kashi 93 cikin 100 na Amurkawan da ya tambaya suka sa kansu cikin rabin da ya fi iya tuƙi. Lissafi bai yarda da haka ba. Ni ma da ya tambaye ni a lokacin, a sahun farko zan sa kaina.

To ga abin da na yi, bi da bi, har na samu sauƙi. Ban ce na warke ba.

Na fara ne da agogo, domin rabin fushin hanya tun daga gida ake ɗauko shi. Wanda ya fito a makare, kowace danja abokiyar gabarsa ce, kowane mai tafiya a hankali kuma da shi yake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na matso da lokacin fitata baya da minti 15, makulli da jaka da takardun mota kuma tun dare nake ajiye su wuri ɗaya. Wannan kaɗai ya rage mini tsaki fiye da duk wata dabara da zan faɗa a ƙasa. In kuma duk da haka na makara, kafin in tada mota nake kiran wanda ke jirana in ce masa zan yi latti da minti kaza. Da zarar ka faɗa, lattin ya tashi daga abin gudu ya koma abin da aka sani, ba ka da sauran abin da za ka kora a kan titi.

Ka zauna ka yi lissafin da ni na daɗe ban yi ba. Tafiyar kilomita 15 a gudun kilomita 60 cikin awa, minti 15 ce. Ka taka totur ka kai 75, ta koma minti 12. Minti 3 ka ci riba, shi ma in babu danja ko ɗaya a hanya, wanda ba ya faruwa. Me ka biya? Nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkuwa yake: ka ninka gudu sau 2, nisan ya ninka sau 4. Daga 60 zuwa 75 nisan ya ƙaru da fiye da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin hatsari mai kisa da kashi 4, kuma mutane kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara. A kan minti 3.

Yunwa, rashin barci da zafi su ma 'yan zuga ne. Zafin ma an gwada shi: a 1986 wasu masu bincike a birnin Finiks na jihar Arizona ta Amurka sun sa mota ta ƙi tashi bayan danja ta ba da hannu, suna lura da na baya. Duk ranar da zafi ya fi tsanani, hon ya fi tsawo, musamman daga waɗanda gilasansu ke sauke, wato ba su da sanyi a mota. Saboda haka kafin ka zargi duniya, ka tambayi kanka yaushe rabonka da abinci, awa nawa ka yi barci. Ka ajiye gorar ruwa kusa da kai. Rediyo ma ka lura da shi. Ni dai na gano cewa shirye-shiryen da ake musu ana katse juna suna sa ƙafata nauyi a kan totur ban sani ba, sai na daina kunna su a mota.

Abu na biyu, kuma shi ne ginshiƙin komai a wurina, tazara ce. Ka bar sakan 3 tsakaninka da motar gabanka. Ga yadda ake aunawa: ka zaɓi wani abu a gefen hanya, falwaya ko allo ko inuwar gada. Da zarar bayan motar gabanka ya wuce shi, ka fara ƙirga a hankali, "dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku." In ka isa wurin kafin ka gama, ka matse da yawa, ka ɗaga ƙafa. A gudun 60 mota tana cin kusan mita 17 a kowane sakan, wato tsawon ƙananan motoci kusan huɗu, kuma tsakanin idonka ya ga jar fitila da ƙafarka ta isa birki sakan ɗaya ya tafi, wani lokaci fiye. In ana ruwa, ko dare ne, ko babbar mota ce a gaba, ka ninka tazarar.

Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin maganar kare hatsari kawai. Ni na same ta maganin zuciya. Ka lura da kyau: kusan duk lokacin da ranka ya ɓaci a hanya, tsoro ne ya riga fushin zuwa. An sa ka taka birki ba shiri, gabanka ya faɗi, sai faɗuwar gaban ta rikiɗe ta zama ashar. Mai tazara ba a cika razana shi ba. Wanda ya sha gabansa ya shiga fili ne, bai shiga jikinsa ba.

Na san abin da za ka ce, don ni ma na faɗa: in na bar fili ai cusowa za su yi ta yi. Haka ne, za su shigo. Wata rana na ƙirga, daga gida zuwa wurin aiki motoci shida suka shiga gabana. Ko kowace ta ci mini sakan 3, sakan 18 ke nan. Ina ɓata fiye da haka wajen neman makulli a aljihu. Ciwon ba na lokaci ba ne, na "ya riga ni" ne, kuma ba wanda ke raba kyauta a ƙarshen titi.

Gosulo kuwa sai ka san halinsa kafin ka daina jin haushinsa. A da in layi ya tsaya, na tabbata akwai wani sakarai a can gaba da ya jawo. Sau da yawa babu kowa. A 2008 wasu masu bincike a Jafan ƙarƙashin Yuki Sugiyama na jami'ar Nagoya sun fitar da sakamakon wani gwaji: motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30. Babu danja, babu rami, babu kwanar shiga. Ba a jima ba cunkoso ya haɗu da kansa. Wani ya ɗan taɓa birki, na bayansa ya taɓa fiye da shi, na bayan wannan ya tsaya cak, tsayuwar ta riƙa tafiya baya kamar igiyar ruwa. Ma'ana, mai manne wa na gaba yana birki yana totur shi ne ke haifar da gosulon da yake zagi. Mai tazara, wanda ke gangarawa a hankali ba tare da ya tsaya ba, shi ke kwance shi.

Haka ma zancen layin gefe ya fi sauri. Wasu masu bincike biyu, Donald Redelmeier da Robert Tibshirani, sun nuna a 1999 cewa yawanci ido ne ke yaudara. Motoci suna cunkushewa in suna tafiya a hankali, su warwatsu in suna gudu. Don haka in layinka ya motsa, cikin ɗan lokaci za ka wuce motoci da yawa, ba ka ma kula ba. In nasu ya motsa, za ka daɗe kana kallo suna wuce ka ɗaya bayan ɗaya. Ko da layukan biyu daidai suke tafiya, kai dai za ka ji an bar ka a baya. Ka gwada: ka riƙe wata mota mai launin da ba ya ɓata a layin gefe, ka zauna a naka. Sau da yawa bayan minti goma za ka gan ta kusa da kai.

Duk da haka zuciya za ta taso, ba makawa. A nan jiki ne ke fara ba da labari kafin kai. Ni alamata uku: yatsuna su ƙanƙame sitiyari, haƙora su cije, kafaɗu su hau kusa da kunne. Ka nemi naka. Abin da ke faruwa shi ne jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, an shirya ka don faɗa ko gudu, alhali kana zaune ne a kan ƙarfe mai nauyin fiye da tan guda. Da zarar na ji alamar, abu na farko ƙafa ce: in ɗaga ta daga totur. Ba birki ba, ɗagawa kawai. Sai in saki yatsu ɗaya bayan ɗaya, in sauke kafaɗa. Sai numfashi: in ja ta hanci ina ƙirga huɗu, in fitar ta baki a hankali ina ƙirga shida ko takwas. Fitarwar ce ke aiki, domin bugun zuciya yana raguwa ne a lokacin da kake fitar da iska. Sau uku ko huɗu ya isa. Kuma na kafa wa kaina doka, a cikin sakan goman farko ba na yanke shawarar komai. Ba canza layi, ba hon, ba sauke gilashi.

Daga nan sai in sauya labarin. Tunda ban san dalilin mutumin ba, kuma ko ta yaya ƙirƙira zan yi, gara in ƙirƙiri wanda ba zai hau mini da jini ba. Wataƙila baƙo ne yana neman kwana. Wataƙila jiya ya karɓi lasisi. Wataƙila mara lafiya ne kwance a kujerar baya. Ni tawa dabarar mai sauƙi ce, in ce a raina, "Baba mai tabarau ne." Matata ta san zancen, har in ta ga na fara cije baki sai ta ce, "Maigida, tayar ce ta yi ƙasa?" Ba na iya riƙe dariya, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya dariya da fushi a lokaci guda ba.

Akwai masu cewa gara ka zazzage abin da ke cikinka, ka yi ihu a mota, ka daki sitiyari, ka huce. Na yi shekaru ina haka, ban huce ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Brad Bushman, ya gwada wannan a 2002: aka ɓata wa mutane rai, wasu aka ba su buhun dambe su yi ta duka suna tuna wanda ya ɓata musu, wasu aka bar su zaune shiru. Masu dukan sun fi fita da fushi. Zagi a mota atisaye ne, kullum kana ƙara ƙwarewa. Haka ma ɗaukar labarin ka kai wurin aiki, ka ba wannan ka ba wancan. Duk bayarwa sabon hura wuta ce.

Hon kuma ka mai da shi wurinsa. An yi shi ne don ka ce "ga ni nan", ba don ka ce "kai wawa ne" ba. Taɓawa ɗaya gajeriya ga wanda ke shigowa bai gan ka ba, ko wanda hankalinsa ya tafi a danja. In abin ya riga ya wuce, hon ba shi da sauran aiki sai tsokana.

In kai ne da laifi, kuma za ka yi, ka ɗaga hannu buɗe ka ɗan sunkuyar da kai. Na sha ganin fuskar da ta murtuke ta saki nan take saboda wannan. Wanda ya ba ka hanya shi ma ka ɗaga masa.

Saura mai wuyar, wato ranar da fushin ba naka ba ne, na wani ne ya sauka a kanka. Kada ka raina shi. A wani bincike da gidauniyar AAA, wato ta ƙungiyar masu motoci ta Amurka, ta fitar a 2016, kusan kashi 80 cikin 100 na direbobi sun amsa cewa sun nuna fushi mai tsanani ko tsangwama a hanya aƙalla sau ɗaya cikin shekara. A cikin wannan taro ba ka san wanda ya fito da makami ba, ba ka san wanda ya sha wani abu ba, ba ka san wanda duniya ta yi wa zafi yau ba. In mutum ya manne maka a baya yana dalla fitila, ka sa sigina ka koma gefe da zarar ka samu dama, ya wuce. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota. Mahaukacin direba a gabanka ya fi shi a bayanka, don a gaba kana ganinsa. Kada ka kuskura ka taka masa birki don ka koya masa hankali. In ya buge ka, wuyanka ne zai karɓa, da na yaran da ke kujerar baya. In babu wurin kaucewa, ka ƙara tazara tsakaninka da na gabanka, yadda in tsayawa ta kama za ka tsaya a hankali, shi ma ya samu lokaci.

Kada ka haɗa ido da shi, kada ka mayar da daƙuwa, kada ka ɗaga waya kana ɗaukarsa a fuskarsa. Ka kulle ƙofofi, ka ɗaga gilashi. In kun tsaya a danja, ka bar fili har kana ganin inda tayoyin bayan motar gabanka suka taɓa ƙasa, wannan filin ya isa ka karya sitiyari ka fita in ya sauko. In ka ga yana bin ka, kada ka nufi gida, kada ka shiga lungu. Ka nufi ofishin 'yan sanda ko gidan mai mai haske da jama'a, in da wani a motar ya kira jami'an tsaro ya ba su lambar motar da launinta. Kuma kada ka fito. Duk mummunan labarin da na taɓa ji na faɗan hanya, daga buɗe ƙofa ya fara.

In an goge ka ko ka goge wani, fitowa ta zama dole, amma ba a guje ba. Ka kunna fitilun gargaɗi, ka yi numfashin nan sau uku, sannan ka buɗe ƙofa. Kalmar farko ta zama "kowa lafiya?", ba "ba ka gani ne?" ba. Ka ɗauki hoton motocin da lambobinsu da yadda suke a kan titi, sannan a matsar da su gefe in doka ta yarda. Wa ke da laifi, wannan aikin jami'an hanya ne da kamfanin inshora, ba a gama shi da ihu.

Wani kuma abin nasa ya wuce dabarun cikin mota. In ka taɓa fitowa ka daki motar wani, ko iyalinka sun fara gudun shiga motarka, ko fushin yana bin ka har cikin gida ya sauka a kan yara, to ka nemi likitan da ya san harkar. Ba abin kunya ba ne. Jerry Deffenbacher, wani masani na jami'ar jihar Kolorado a Amurka, ya yi shekaru yana nazarin masu zafin rai a tuƙi, har ya fitar da ma'aunin fushin tuƙi a 1994, kuma aikinsa ya nuna cewa koyar da sassauta jiki da sauya tunani yana rage abin sosai. Ni ban kai ga zuwa ba, amma na ɗauki wata al'ada: in na iso gida na kashe mota, sai na yi minti biyu a zaune kafin in buɗe ƙofa, don kada in shigar wa mutanen gida da abin da ba su suka yi ba.

Waɗanda har yau ban gama da su ba su ne masu dalla babbar fitila da dare. Wanda ke bayana da sauƙi, akwai ɗan harshe a ƙasan madubin tsakiya, in ka tura shi hasken ya dushe, kuma na yi shekara biyar da mota ban san amfaninsa ba. Mai tahowa ta gaba shi ne matsala. Hannuna har yanzu yana kai wa sandar fitila don in rama, alhali na san makafi biyu ke nan za su gamu a kan titi ɗaya. Abin da nake yi shi ne in ɗan ƙyafta masa sau ɗaya, ko mantawa ya yi. In bai sauke ba, in rage gudu, in kawar da ido daga hasken zuwa layin gefen hanya ta ɓangarena, in bi shi har ya wuce. Tsakin dai yana fita, amma a hankali.